Ƙananan dabbobin roba na wasan yara: tambayoyin iyayen Kaduna da amsoshinsu

Daga an doshi sallah ko hutun ƙarshen shekara za ka ga masu talla sun cika tebur da ƙananan zakuna da giwaye da dawakan roba, wasu a leda, wasu a kwali, wasu kuma a cikin ƙwan roba da ba a san abin da ke ciki sai an fasa. Yara na son tara su, kuma wasa ne mai amfani. Sai dai ƙanƙantar da ke sa yaro ya so su ita ce kuma ke sa su zama haɗari ga ƙaninsa mai rarrafe. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi.

Iri nawa ne, kuma mene ne bambancinsu?

A kasuwa za a ci karo da iri 5. Na farko daskararru ne, babu rami a cikinsu, an zuba su da robar PVC an kuma yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Su ne suka fi nauyi a hannu, suka fi kama da dabbar gaske, suka fi tsada. Kamfanin Schleich na Jamus, wanda aka kafa a 1935, da Papo na Faransa da Safari Ltd na Amurka duk irin waɗannan suke yi. Na biyu masu rami ne, sakayau, waɗanda ake ɗura 10 ko 20 a leda ɗaya, kuma su ne suka fi yawa a wurinmu. Na uku masu laushin gashi a jiki da 'yan riguna da kayan ɗaki, irin Sylvanian Families da aka fara yi a Japan a 1985. Na huɗu na rufe ne, a cikin ƙwai ko leda marar haske, har da waɗanda ke zuwa da alewa kamar Kinder Joy. Na biyar su ne masu kumbura idan an jiƙa su a ruwa, kuma za mu yi magana a kansu daban domin ba ma ba da shawarar a kawo su gidan da ke da ƙananan yara.

Daga shekara nawa ya kamata a saya wa yaro?

Daga shekara 3. Wannan ba ra'ayin kamfani ba ne. Yaron da bai kai 3 ba da baki yake bincika komai, hanyar numfashinsa siririya ce, tarinsa kuma ba shi da ƙarfin da zai fito da abin da ya maƙale. Shi ya sa a Turai da Amurka ake gwada kayan wasa da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, wanda zurfinsa ya karkace daga milimita 25.4 zuwa 57.1, gwargwadon maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an hana sayar da shi don 'yan ƙasa da shekara 3. Alamar da ke jikin kwali, jan da'ira da aka ja wa layi mai fuskar jariri da lambar 0-3, abin da take faɗa ke nan.

A gida ba sai an nemi wannan bututun ba. Ɗauki kwalin da ke tsakiyar tishu, wanda faɗinsa ya kai kamar santimita 4. Dabbar da ta faɗa ta fita ta ɗaya ɓangaren ba ta mai rarrafe ba ce. Kwalin ya ɗan fi bututun gwaji faɗi, don haka gwajinsa ya fi tsanani, kuma hakan ya fi mana.

Ga wurin da iyaye da yawa ke kuskure. Ana duba shekarun wanda aka saya wa, alhali shekarun ƙaramin yaron da ke gidan ya kamata a duba. A gidajenmu na Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi, tsakar gida ɗaya ce ga yaran ɗakuna 4 ko 5. An saya wa ɗan shekara 6 ledar dabbobi, ya baje su a tabarma, aka kira shi aike, jaririn maƙwabciya ya rarrafo ya ɗauki 'yar kazar roba. Babu wanda ya yi sakaci da gangan. Idan akwai mai rarrafe ko mai tatata a gida, ko dai a sayi manya kaɗai, ko a ware ƙananan a ajiye sama, a riƙa fito da su lokacin da ƙaramin ke barci ko yana goye, a kuma ƙirga su kafin a mayar.

Kada a manta da tarkacen da ke biyo dabbar: ɗan kwalban shan madara, guga, karas, sirdi, shinge. A watan Maris na 2023 an janye fiye da miliyan 3 na 'yan dabbobin Calico Critters daga kasuwar Amurka, wato sunan da ake sayar da Sylvanian Families da shi a can, bayan yara 2 sun rasu ta dalilin ɗan abin tsotso na wasa da ke zuwa da su. Dabbar ba ta yi komai ba, tarkacen ne.

Ɗana shekararsa 2 kuma yana kukan sai an ba shi na yayansa. Yaya zan yi?

Saya masa nasa manya guda 2 ko 3, masu tsawon santimita 10 zuwa sama, zubi ɗaya, ba ido na mannawa, ba siririn ƙaho ko wutsiya. Giwa mai gajeren haure, dorina, kunkuru da saniya mai kauri sun dace. Raƙumin dawa da barewa a dakata da su, ƙafafunsu da ƙahonninsu na karyewa da cizo. A tabbata kwalin ya nuna an yi abin don shekarunsa, domin fentin na 'yan shekara 3 zuwa sama ba a yi shi don a wuni ana tsotsa ba.

A ina ake samunsu a Kaduna, kuma gwanjo ya fi ko sabo?

Na leda ana samunsu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan kayan yara na kan titin Ahmadu Bello, da hannun masu talla a lokacin bukukuwa. Na gwanjo kuwa sai a leƙa Kasuwar Barci da wuraren da ake kwance dilar kayan wasa. Masu sunan kamfani sababbi sun fi samuwa a manyan kantuna ko ta oda a intanet, kuma farashinsu na bin dala.

Gwanjo na da daɗi ɗaya: a cikin tulin za ka iya tsintar daskararriyar dabba ta kamfani mai suna a kuɗin da bai kai na sabuwar leda ba. Illarsa ita ce babu kwali, don haka babu gargaɗin shekaru, kuma ba ka san shekarar da aka yi ta ba. Juya cikin dabbar ka duba. Kamfanonin kirki na buga sunansu da ƙasar da aka yi ta, sau da yawa har da shekara. Shekarar yawanci ta ƙirƙirar samfurin ce, ma'ana abin zai iya zama ya fi ta sabunta amma ba zai girme ta ba. Wannan na da amfani, domin a 2008 ne Amurka ta tsaurara dokar dalma a kayan wasa. Dabbar da ke ɗauke da 2012 an yi ta bayan dokar. Wadda ke ɗauke da 1995, ko wadda ba ta da rubutu ko kaɗan kuma fentinta na ɓarewa, a bar ta a tulin.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Ka roƙi mai kaya ya bari ka buɗe ɗaya. Fara da shinshinawa: warin fetur ko taya ko tina (ruwan tsinka fenti) mai hawa kai alama ce ta roba marar kyau, kuma wanki ba ya raba ta da shi. Sai ka jiƙa farin ƙyalle ko tishu da ruwa ka goga a bayan dabbar sau 10 da ɗan ƙarfi. Launi ya fito a ƙyallen, to zai fito a bakin yaro. Kankara fentin da farce a ƙarƙashin ciki, bai kamata ya tashi ba.

Daga nan ka ja wutsiya da kunne da ƙaho, ka murɗa kai. Masu rami da yawa gida biyu ne aka haɗa da gam, kuma a nan suke rabewa. Bi layin haɗin da yatsa tun daga hanci har wutsiya, idan akwai kaifin roba da ya rage zai yanki leɓe. Lanƙwasa ƙafa kaɗan: roba mai kyau za ta dawo, marar kyau za ta yi fari a wurin lanƙwasar, wanda ke nuna ta kusa karyewa. A ƙarshe ka tsayar da ita a tebur. Dabbar da ba ta tsayuwa da ƙafafunta yaro zai gaji da ita cikin kwana kaɗan.

Araha ba ta ado. Daskararru 3 da za su kai ƙanne sun fi ledar 30 da rabinta zai kakkarye kafin wata ya ƙare, kuma kowane ɓalli da ya karye sabon abin haɗiya ne a tsakar gida.

Idan akwai alamar CE a jiki, shi ke nan babu matsala?

A'a. CE shaidar kamfani ce da kansa cewa kayansa sun cika ƙa'idar Tarayyar Turai, kuma mai jabu ma na iya buga ta. Tana da nauyi ne idan ta zo tare da cikakken sunan kamfani, adireshinsa, lambar samfuri da gargaɗin shekaru. Rubutun EN 71 ko ASTM F963 sunayen ƙa'idojin kayan wasa ne na Turai da na Amurka. A Najeriya hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, kuma kayan wasan da ake shigowa da su na ƙarƙashin tsarinta na SONCAP, sai dai takardar na hannun mai shigo da kaya, mai saye ba ya ganinta. Wanda aka sayar wa kaya mai cutarwa na iya kai ƙara wurin SON ko hukumar kare masu saye ta FCCPC, don haka a riƙa karɓar rasit a kanti.

Maganar dalma a fenti gaskiya ce ko tsoratarwa?

Gaskiya ce. A 2007 kamfanin Mattel, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, ya janye ɗimbin kayan wasa saboda dalma a fentinsu. Yanzu dokar Amurka ba ta yarda dalmar fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan ba. Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi, tun bayan da gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga niƙan duwatsun zinariya ta fito. Ta fenti ba ta kisa nan take haka, kaɗan-kaɗan take taruwa a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwa da koyo, ba tare da wata alama a fili ba.

Ba a gane dalma da ido ko da wari, sai da na'ura a ɗakin gwaji. Abin da ke hannun iyaye shi ne kauce wa inda ta fi ɓuya: tsofaffin kaya, kayan da ba su da sunan kamfani, da fenti mai kauri rawaya ko ja ko ruwan goro da ke ɓarewa. Dabbar da launinta na cikin robar ne, ba shafe ba, ta fi kwanciyar hankali ga yaron da bai bar sa abu a baki ba. A kuma wanke wa yara hannu kafin cin abinci.

Akwai kuma sinadaran da ake zuba wa PVC don ta yi laushi. Turai da Amurka sun taƙaita wasu daga cikinsu zuwa kashi 0.1 cikin 100 a kayan wasa. Roba mai laushi sosai, mai maiƙo, mai wari, ita ce abar zargi.

Waɗanne ne sam bai kamata su shigo gida ba?

Uku ne. Masu ƙaramin maganaɗisu a ƙafa ko baki: yaro ya haɗiye guda 2, ko 1 tare da wani ƙarfe, sai su manne wa juna ta tsakanin hanji su huda shi. Masu haske ko kuka da ke aiki da batirin agogo, irin LR44 ko CR2032, idan murfin batirin ba na ƙusa mai ɗaurewa da sukurdireba ba ne: batirin da ya maƙale a hanyar abinci na iya ƙona ta cikin awa 2. Sai masu kumbura a ruwa, waɗanda suke ƙanana a bushe, masu sauƙin haɗiya, su je ciki su ci gaba da kumbura har su toshe hanji, kuma hoton asibiti na yau da kullum ba lallai ya nuna su ba.

Idan yaro ya haɗiye, ko abin ya shaƙe shi, me ake yi?

Duba numfashi tukuna. Yaron da ke tari da ƙarfi ko kuka, iska na wucewa, a bar shi ya ci gaba da tari ana tsaye a kansa. Wanda ya kasa kuka, ya kasa tari, leɓensa na sauya launi, shi ne na gaggawa. Wani ya nemi abin hawa ko ya kira 112, kai kuma ka fara taimako nan take.

Jaririn da bai kai shekara 1 ba, ka kifa shi a kan damtsenka, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, ka tallafi haɓarsa, ka bugi tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. Bai fito ba, ka juya shi rigingine ka danna tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, sau 5. A yi ta maimaitawa. Ba a matsa wa jariri ciki. Wanda ya wuce shekara 1, ka sunkuyar da shi gaba ka bugi bayansa sau 5, sannan ka tsaya ko ka durƙusa a bayansa, ka dunƙule hannu a saman cibiya ƙasa da ƙashin ƙirji, ka ja ciki da sama sau 5. Kada a zura yatsa a laluba maƙogwaro, hakan na tura abin ciki. Sai wanda ake gani a fili ake cirewa. Ko abin ya fito, a kai yaron likita ya duba shi.

Idan ya riga ya wuce ciki kuma yaro na numfashi lafiya, kada a ɗura masa manja ko ruwan gishiri, kada a sa shi amai, kada a ba shi maganin wankin ciki. A je asibiti da irin abin da ya haɗiye don likita ya ga girmansa. Ƙaramin abu mai santsi yawanci yakan fita da bayan gida cikin 'yan kwanaki, amma batir da maganaɗisu da mai kumbura da mai tsini ba a jiran gobe, ko tsakar dare ne a nufi sashen gaggawa, kamar na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada. Dalalar da yawu, ƙin abinci, amai, ciwon ciki ko tari mai ƙara duk alamun gaggawa ne.

Abin da ya shiga hanci ko kunne ba a tono shi da tsinke ko ashana ko audugar kunne. Kaduna na da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, aikinta ke nan. Majina mai wari daga kafar hanci ɗaya kaɗai sau da yawa alama ce ta abin da yaro ya tura ya yi shiru.

Ya halatta a saya wa yara siffar dabba?

Tambaya ce da iyaye Musulmi ke yi da gaske, kuma ta cancanci amsa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa a cikinsu har da doki mai fukafukai 2. Ya kuma zo cewa sahabbai mata na yi wa yara abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali a azumin Ashura. Da waɗannan ne malamai da yawa suka cire kayan wasan yara daga hanin mutum-mutumi. Wasu malaman sun fi son a kauce wa waɗanda aka fitar musu da kamanni cif-cif. Jera su a kabad ɗin falo don ado wata mas'ala ce daban da wasan yara, kuma a nan aka fi tsanantawa. Kowa ya tambayi malamin da yake bi.

Ledar dabbobin gona da ake yi a waje kusan kullum akwai alade da kare a ciki. Wanda ba ya so ya buɗe ya ware kafin ya miƙa wa yaro, musamman idan kyauta za a kai gidan wasu.

Na cikin ƙwai da leda rufe fa, me ya sa ba a taɓa kammala tara su?

Lissafi ne. A ce jerin dabbobi 12 ne kuma kowace na da damar fitowa daidai da 'yar'uwarta. A matsakaici sai an sayi kusan 37 kafin a haɗa 12 ɗin. Na farkon na zuwa da sauri, amma idan saura 1 ta rage, ita kaɗai na cin kimanin saye 12. Jerin 6 ma na cin kusan 15. Wannan kuma idan babu wadda kamfani ya rage yawanta da gangan ke nan, alhali da yawa suna yin hakan su kira ta mai wuyar samu. Ana koya wa ɗan shekara 5 jarabar sake gwadawa, uba kuma na biyan kuɗin maimai.

Shawararmu ita ce a sayi wanda ake gani. Idan yaro ya riga ya shiga, a yanke masa adadi, misali 1 a wata, a kuma bar shi ya yi musaya da 'yan'uwa da abokai a gaban babba. Irin waɗannan kusan dukansu na shigewa kwalin tishu.

Me ya sa kaza ke kusan kai saniya girma a leda ɗaya?

Saboda ba a bi ma'auni ɗaya ba. Ma'aunin 1:32, wanda kamfanin Britains na Ingila ke yin kayan gonarsa da shi, na nufin santimita 1 a abin wasa daidai yake da 32 a dabbar gaske. Saniya mai tsayin santimita 130 za ta zama kamar 4, kaza mai 40 kuwa za ta koma 1 da ɗan ɗori, wadda ta yi ƙanƙantar da za a haɗiye ta. Don haka masu yi kan ƙara wa ƙananan dabbobi girma su rage wa manya. Ɗan shekara 4 bai damu ba. Daga shekara 7 yara kan fara lura, a lokacin sai a tsaya a kamfani ɗaya.

Da waɗanne dabbobi za a fara?

Da waɗanda yaro ke gani da idonsa: rago, akuya, saniya, doki, jaki, raƙumi. Guda 5 ko 6 sun isa farawa, a riƙa ƙara 1 a sallah ko bayan sakamakon makaranta. Daga baya na tatsuniya su biyo, zaki da kura da dila da giwa da zomo, sai kada, wanda ɗan Kaduna bai kamata ya rasa ba.

Za a lura cewa saniyar da ke cikin kwali mai dabbare-dabbaren baƙi da fari ce, ba tozo, irin ta Turai. Bunaji da Rahaji da Bokolo da muka sani ba safai ake samunsu ba, haka ma tumaki irin Balami da Uda. Wanda ya ci karo da sa mai tozo ya saya, ba kullum ake gani ba. Bambancin ma abin koyarwa ne: raƙuminmu tozo 1 gare shi, mai 2 na tsakiyar Asiya ne, giwar Afirka irin ta Yankari faffaɗan kunne gare ta, ta Indiya ƙarami, damisarmu ɗigo-ɗigo ce, mai zane-zanen nan ba a Afirka take ba.

Yaya ake wanke su?

Sabo ko gwanjo, a wanke kafin a ba yaro. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke kaɗan, tsohon buroshin haƙori mai laushi don lungunan ƙafa da kunne, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Na gwanjo, ko bayan yaro ya yi gudawa ko mura, a ƙara da kashe ƙwayoyin cuta: ƙaramin cokali 1 na Jik ko Hypo, wato mililita 5, a lita 1 ta ruwa, a jiƙa minti 2, a ɗauraye sosai. Kada a wuce haka, yana kashe launi, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Tafasasshen ruwa na lanƙwasa su. Kananzir da fetur da tina da maganin goge jan farce na cinye fenti, su bar robar da danƙo. Masu laushin gashi ba a jiƙa su, busasshen buroshi ake sa musu, tabo kuma a dangwala da ƙyalle mai ɗan kumfa. Masu rami da ke da ƙofa a ciki su ne matsalar damina: ruwa ya shiga bai fita ba, zuwa watan Agusta cikin ya yi baƙin fumfuna. A matse su sarai a bar su kwana 2 suna shan iska. Wanda ya fara fitar da baƙin ruwa a yar da shi.

Ƙafa ta lanƙwashe, wata kuma ta fara danƙo. Ana gyarawa?

Ƙafa kan gyaru. Zafin Maris da Afrilu ne ke sa ta, musamman a mota ko ɗaki mai kwano ba silin, ko idan an danne ta a ƙasan tuli. Tafasa ruwa ka sauke, ka bar shi ya huce na minti 5, ka tsoma ƙafar kaɗai na daƙiƙa 30 zuwa 60, ka miƙar da ita a kan tebur yadda dabbar za ta tsaya, sannan ka tsoma a ruwan sanyi minti 1 kana riƙe da ita. Babba ne zai yi, ba yaro ba.

Danƙo kuwa sinadarin laushi ne ke tsattsafowa daga robar. Wanki na kawar da shi na ɗan lokaci ya dawo. Irin wannan ta gama aiki a hannun ƙaramin yaro. Wanda ya karye ma haka: gam mai saurin kamawa ba ya riƙe siririn ƙaho ko wutsiya, zai sake ɓallewa a baki. A jefa guntun a shara nan take, a goge kaifin da ya rage da abin gyaran farce idan yaron ya wuce 3.

A ina ya fi a ajiye su, kuma yaya za a hana rigima?

Roba mai murfi mai kamawa, a kan kabad, nesa da taga da murhu da janareta. Murfin na tare ƙurar hunturu, wadda ke shiga zanen gashin dabba ta dafe. A shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, manya a ƙasa, masu siraran ƙafa a sama, masu laushin gashi a jakarsu daban. Kada a haɗa roba mai laushi da motocin wasa masu tauri a wuri ɗaya na tsawon lokaci, sukan narka wa juna fata su manne. Rubuta adadin a jikin murfin, a ƙirga kowane dare. An rubuta 14 an ga 13, to akwai 1 a ƙarƙashin kujera ko tabarma, a nemo ta kafin mai rarrafe ya riga kowa.

Rigima kuma, ɗigon alƙalamin maka a tafin ƙafar dabba ya wadatar, kowane yaro da launinsa.

Wane wasa ake yi da su ban da jerawa?

Ɗan shekara 3 a ba shi rarrabewa: na gida da na daji, masu ƙaho da marasa ƙaho, uwa da ɗa. Ɗan 4 zuwa 5 a sa dabba a jaka ya lalubo ya faɗi sunanta ba tare da ya gani ba, ko a danna ƙafafunsu a jiƙaƙƙen yashi ya gane sawun. A nan ne sunaye irin su ɓauna, gwanki, karkanda, jimina da mugun dawa ke shiga bakin yaran birni da ba su taɓa jin su ba. Kaka mai tatsuniya ta fi kowa iya wannan. Garke da shinge ba sai an saya ba, karan dawa da kwali da yumɓu sun isa, kuma yaron da ya gina wa shanunsa turke da kara zai fi daɗewa a wasan. Shanun laka da yaran karkara ke ginawa su shanya a rana ma su shiga garken, su ne ke da tozon da na kanti ba su da shi.

Idan an adana su za su yi tsada nan gaba?

Kaɗan ne ƙwarai, kuma sai samfurin kamfani mai suna da aka daina yi, wanda ba a taɓa wasa da shi ba, da takardarsa a jiki. Masu sayen irin wannan a Turai da Amurka suke, kuɗin aikawa daga Kaduna zai cinye ribar. Na leda ba su da kasuwar sake sayarwa ko kaɗan. Daskararriya mai kyau dai takan yi shekaru tana aiki, a wanke ta a miƙa wa ƙane idan ya cika 3.